Ganga tsayayya da ganga dogarau a Turanci: ina ganewa a aji, ina ɓata a jarrabawa

Hafsat, Sabuwar Unguwa

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah taimako nake nema. Bara na zana WAEC, komai ya yi kyau in ban da Turanci da na samu D7, shi kaɗai ya hana ni shiga jami'a duk da makin JAMB ɗina ya kai. Bana zan sake zaunawa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tambayar nan da ba ta ɓacewa a ƙarƙashin labarin da ake bayarwa a karanta, inda za su ɗebo wani yanki su ce "What grammatical name is given to this expression?" sannan su biyo da "What is its function?" A aji idan malami ya rubuta gajeren misali a allo ina ganewa sarai, amma da na ga yankin a tsakiyar dogon labari sai kaina ya ɗaure. Jiya da daddare ina bitar darasi na haɗu da wannan jimla: "When the rains finally came, the farmers who had lost hope returned to their farms." Na ja layi a ƙarƙashin "the farmers who had lost hope" na ce ita ce independent clause, tunda ga suna ga aikatau. Yayana ya ce ba haka ba ne, amma shi ma ya kasa faɗa mani dalili. Ta yaya ake rarrabe su?

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam Hafsat. Allah shi ba da sa'a bana. Yayanki ya yi gaskiya. Bari mu fara da sunaye. Abin da Bature ke kira clause, masana nahawun Hausa suna kiran shi ganga. Independent clause ita ce ganga tsayayya, dependent clause kuma ganga dogarau. Kowace ganga dole ta kasance da wanda ake magana a kan shi da kuma aikatau mai nuna lokaci. Tsayayya tana iya zama jimla ita kaɗai, a sa mata aya a wuce. Dogarau ba ta iyawa.

Jimlarki ganga uku ce. Ta farko "When the rains finally came", dogarau ce. Ta biyu "who had lost hope", ita ma dogarau ce. Tsayayyar ita ce "the farmers returned to their farms". Abin da ya ruɗe ki shi ne an tsaga tsayayyar gida biyu an cusa dogarau a tsakiyarta, kamar yadda ake tsaga burodi a zuba ƙosai. Ke kuma sai kika ɗauko rabin burodin da ƙosan, kika bar ɗayan rabin.

Maganin abin hadda ce. Ki haddace kalmomin da ke buɗe dogarau: because, although, though, if, unless, when, while, until, since, after, before, as, whether, that, who, whom, whose, which, where. Duk inda kika gan su a gaban suna da aikatau, to dogarau ce ta fara. Su kuwa and, but, or, so, yet, suna haɗa tsayayya da tsayayya ne, kamar sa'a da sa'arta. Shekara goma sha huɗu ina koyar da 'yan aji shida da wannan hanya.

Malama Binta, Daura

Malam Lawal sannu da ƙoƙari, rabon jimlar da ka yi daidai ne. Amma ban yarda hadda ce maganin ba. Hafsat, na tabbata an taɓa ba ki wannan jeri kin haddace, ko ba haka ba? Yaranmu ba su da matsalar hadda, yaron da ya haddace izu goma kalma ashirin ba za ta gagare shi ba. Matsalar ita ce ba su jin abin a kunnensu.

Bari in faɗa maku yadda nake fara wannan darasi. Ina shiga aji in yi sallama, in ajiye jaka, in ce masu da Hausa, "Jiya da na isa tashar Katsina..." sai in yi shiru, in juya in fara goge allo. Ba a minti guda sai ka ji wata daga baya ta ce, "Malama sai aka yi yaya?" Wata ta ce, "Malama ba ki ƙarasa ba." Sai in juyo in ce, wa ya faɗa maku ban ƙarasa ba? Ai ga ni, ga isa, ga tasha. Su ce a'a, maganar a rataye take. To wannan ratayar ita ce dogarau. Daga nan in ce, "Jiya na isa tashar Katsina." Ba mai cewa komai, don maganar ta sauka ƙasa. Kalma ɗaya tak ta bambanta su, wato "da". Aikin da "da" ta yi a nan shi ne aikin da when ke yi.

Har ma Hausa ta fi Turanci nuna abin a fili a wani wuri. Muna cewa "Manoma sun dawo", amma ba ma cewa "manoman da sun dawo", sai dai "manoman da suka dawo". Muna cewa "yana zuwa", amma "yaron da yake zuwa". Bakinmu da kanshi yana canza sun zuwa suka, yana zuwa yake, da zarar ganga ta rataya a jikin suna. Jikanyata 'yar shekara biyar ba ta kuskure a nan. Hafsat, ki faɗi abin da kika ja wa layi da Hausa: "manoman da suka fid da rai". Idan kika shiga gida kika faɗa wa Mama haka kika yi shiru, me za ta ce?

Hafsat, Sabuwar Unguwa

Za ta ce me ya same su. Wallahi Anti sai yanzu na ji shi. Kuma gaskiya ne an ba mu jerin tun muna aji huɗu.

Nura Mai Shago

Malama, da girmamawa, ni ina ganin wannan hanya ita ke kashe Turancin yaranmu. A makarantar da na yi, duk wanda aka kama yana Hausa a cikin aji sai ya biya tara, akwai monita mai rubuta suna. A lokacin muna jin haushi, amma mun fita muna iya magana. Yanzu malami ya shigo ajin Turanci ya buɗe da Hausa, yaushe yaro zai saba? Ai jarrabawar ba da Hausa za a yi ta ba.

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura

Nura akwai gaskiya a maganarka, kuma ga hujja daga wannan darasin. Duk shekara sai na ja jan biro a kan irin wannan jimla sau ba adadi: "Although he is rich but he is humble." Daga ina ta fito? Daga "Ko da yake yana da kuɗi, amma ba shi da girman kai." A Hausa wannan magana ce lafiyayya, ba wanda zai ɗaga maka gira. A Turanci kuskure ne, don although ta riga ta mai da gangar farko dogarau, sai kuma but ta zo tana neman tsayayya biyu da za ta haɗa. Ɗaya za ka zaɓa. Haka "the man that I gave him the money", wanda ya fito daga "mutumin da na ba shi kuɗin". A Turanci wannan him ɗin ba ta da wurin zama. To kin gani Malama, kunnen Hausan da kike yabo shi ne ke jefa su rami.

Malama Binta, Daura

Malam ai da bakinka ka kawo mani shaida. Ta yaya ka gane inda kuskuren ya fito? Ba don ka jera Hausar da Turancin ka kwatanta ba? Yaron da aka hana shi Hausa a aji bai daina tunani da ita ba, ɓoye ta kawai ya yi, tana nan tana aiki a ƙarƙashin alƙalaminshi ba wanda ya gan ta balle ya gyara. Ni kuwa ina rubuta jimlolin biyu a allo, ta Hausa a sama ta Turanci a ƙasa, in zagaye "amma" in ce wannan a Kongolam za ta tsaya, ba ta da takardar ƙetare iyaka. Tunda 'yan Daura ne sun san iyakar, ba su mantawa.

Nura, ban ce a yi darasin duka da Hausa ba. Minti biyar ne na farko. Sauran minti talatin da biyar Turanci ne zalla. Kuma ina so ka tuna 'yan ajinku nawa ne suka zaɓi su yi shiru shekara shida don tsoron tara. Na koyar da irin su, suna zuwa aji shida ba su taɓa ɗaga hannu ba.

Malam Tukur, Unguwar Alƙali

Assalamu alaikum. Ni ba malamin Turanci ba ne, a zaure nake karantarwa, amma na ga maganar ta shigo gonarmu. Abin da Malama Binta ke yi a ajinta, malaman nahawun Larabci sun daɗe da tsara shi. Duk wanda ya karanta Ajuruma, littafin malamin nan na birnin Fas wanda ya rasu a shekara ta 723 bayan hijira, ya san da ma'anar kalamu aka buɗe shi, kuma cikin sharuɗɗan akwai ya zama mufidi, wato mai fa'ida. Masu sharhi suka ce mai fa'ida shi ne wanda shirun mai magana zai yi kyau a kan shi, ta yadda mai saurare ba zai zauna yana jiran wani abu ba. Misalin da ake ba mu na wanda bai cika sharaɗin ba shi ne "in ƙama Zaidun", idan Zaidu ya tashi. Ga fi'ili ga fa'ili, wato aikatau da mai aikatawa, amma an bar mutum yana jiran jawabin sharaɗi. Cire "in" ɗin, "ƙama Zaidun", magana ta cika.

Na kawo wannan ne don ɗiyata Hafsat ta san abin ba baƙo ba ne. Idan ta yi Islamiyya ta riga ta sha wannan ruwa a wani kwano.

Malama Binta, Daura

Allah shi gafarta Malam, Allah shi ƙara ilimi. "Wanda shiru zai yi kyau a kan shi." Wannan zan rubuta a saman allo ranar Litinin.

Abba, ɗalibin Turanci a UMYU

Ina gaida malamaina daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Katsina. Ina neman izini in kawo wani ƙulli, don gwajin "ya cika ko bai cika ba" yana da iyaka, kuma masu tsara jarrabawa sun san iyakar.

Na farko, yara da yawa suna ɗauka cika na nufin a fahimci komai. Dubi "She put it there." Wace ce? Me ta ajiye? A ina? Ba mu sani ba, amma tsayayya ce cikakkiya. Sannan dubi "because the governor of Katsina State visited our school on Monday morning". Bayani ya cika maƙil, amma dogarau ce. Tsawo da yawan bayani ba su ne ma'auni ba.

Na biyu ya shafi jerin Malam Lawal. Bature yana yawan haɗiye kalmar da ke buɗe dogarau. "The man I saw yesterday is my uncle." Ina who, ina that? Babu. Amma "I saw yesterday" dogarau ce mai bayanin man. Haka "I know he is coming." Wanda ya dogara da hadda zai duba bai ga komai ba ya wuce. Mu a Hausa ba mu yar da "da" a irin ta farkon, ba a cewa "mutumin na gani jiya", shi ya sa idonmu bai saba ba. Sannan wasu kalmomin jerin suna da fuska biyu. "After the rain" ba ganga ba ce ko kaɗan, yankin jimla ne, phrase, don babu aikatau. "After the rain stopped" ita ce ganga. "Who broke the cup?" tambaya ce tsayayya, duk da ta fara da who.

Na uku shi ne wanda ya kayar da ni a shekarata ta farko: "What he said is true." An koya mana cewa in ka cire dogarau, abin da ya rage zai tsaya da ƙafarshi. To cire "What he said". Saura "is true". Bai tsaya ba. Dalili kuwa, dogarau ɗin a nan ita ce ke zaune a kujerar suna, ita ce kan jimlar.

Hafsat, Sabuwar Unguwa

Yaya Abba ka dawo da ni baya wallahi. Da na fara jin daɗi. To in jerin bai isa ba, kunnen ma bai isa ba, da me zan shiga ɗakin jarrabawa?

Baba Hedimasta

Ɗiyata kwantar da hankalinki. Na bari ne kowa ya faɗi nashi. Na yi shekara talatin da biyar da alli a hannu kafin in aje aiki, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne, illa dai sun fara daga tsakiya.

Garin nan namu yana da tarihi a koyon Turanci. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, ginin da yanzu ya zama gidan tarihi, ta yi suna wajen fitar da masu Turanci mai tsabta. Sardauna ya yi ta daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, kafin a mai da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya inda ta zama Barewa. Mu ba mu riske ta ba, amma mun riski malaman da suka ɗauki horo irin na da, kuma abin da suka fi matsa mana shi ne clause analysis. Za a ba ka jimla mai layi huɗu, ka ɗauki rula ka tsaga shafi gida uku: gangar, irinta, aikinta. Kowace safiya kafin a buga ƙararrawar tara.

Ga abin da suka koya mana, kuma shi nake so ki riƙe. Kada ki fara neman because ko who. Ki fara da farautar aikatau. Ki bi jimlar da fensir, duk aikatau mai nuna lokaci ki zagaye shi. A jimlarki: came, had lost, returned. Uku. To kin san akwai ganga uku tun kafin ki yi wani tunani. Sai ki tsaya a kan kowane ki tambaya, wa ya yi? Came, wa ya zo? The rains. Had lost, wa? Who. Returned, wa ya koma? The farmers. Nan take kin ga farmers na returned ne, ba na had lost ba, kuma kuskurenki na jiya ba zai yiwu ba. Bayan kin raba kowane aikatau da mai shi, sannan ki kawo kunnen Malama Binta ki saurari kowace, sannan ki duba jerin Malam Lawal don tabbatarwa.

Gwada da misalin Abba. "The man I saw yesterday is my uncle." Saw da is, biyu. Wa ya gani? I. Wane ne kawu? The man. Ga ganga biyu sun fito, ko an haɗiye that ko ba a haɗiye ba. Abu ɗaya za ki lura: idan mutum ɗaya ya yi aiki biyu da and a tsakani, kamar "He came and sat down", babu dogarau a ciki.

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura

Ranka shi daɗe Baba, na karɓa. Ni ma haka aka koya mani, amma gaggawar gama manhaja ta sa muka koma ba da jeri. Aji ɗaya yara sun haura tamanin, wa zai duba teburin kowa kullum? Amma na yarda aikatau ne farko.

Hafsat, saura rabin tambayar, wato aikinta, don nan ne maki ke zubewa. Dogarau iri uku ce. Idan tana amsa yaushe, a ina, don me, ta yaya, ko bisa wane sharaɗi, adverbial clause ce, aikin bayanau take yi. Idan tana manne da suna tana faɗa mana wanne ne, adjectival clause ce, wasu na cewa relative clause. Idan za ki iya ɗauke ta ki sa it ko something a gurbinta jimla ta tafi daidai, noun clause ce. Wannan ya warware ƙullin Abba na uku: "What he said is true" ta koma "It is true."

Kuma in za ki rubuta amsa ki kama suna. Kada ki ce "it modifies the verb" ki tsaya. Ki ce "It modifies the verb returned." Ki ce "It qualifies the noun farmers." Ki ce "It is the subject of the verb is." Kada kuma ki rubuta clause kaɗai ba tare da irinta ba.

Maman Khalifa

Ina bin ku tun ɗazu ina ƙaruwa. Tambaya gare ni. Ɗana yana aji uku, malaminsu ya ce masu haramun ne a fara jimla da because, har ya rage mashi maki. Amma ni a wurin aiki ina ganin takardu da aka fara da ita. Wanne ne daidai?

Malama Binta, Daura

Maman Khalifa, ba haramun ba ne. "Because I was ill, I stayed at home" jimla ce mai kyau, sai dai a sa waƙafi bayan dogarau ɗin tunda ita ta zo farko. Idan aka juya, "I stayed at home because I was ill", ba a bukatar waƙafin. Abin da malamai ke gudu shi ne yaro ya rubuta "Because I was ill." ya sa aya ya tafi. A baki muna yin haka kullum, a tambaye ka me ya hana ka zuwa ka ce "saboda ba ni da lafiya", ya wadatar don tambayar ta riƙe ɗayan rabin. A takarda kuwa guntu ne. Sai wasu suka ga ya fi sauƙi su hana gaba ɗaya. Ki duba littafin Khalifa ki ga wacce ya rubuta kafin ki je makarantar.

Hafsat, wannan ya shafe ki fiye da tambayar grammatical name. Sashen taƙaitawa na WAEC maki 30 ne, kuma cewa ake a amsa da jimloli. Wanda ya jera amsoshinshi da because da that ba tare da tsayayya ba, ko ya gano amsar zai yi asarar maki. Haka a insha'i, inda ake son kalma kusan 450, guntayen jimloli suna cin makin mutum a hankali bai sani ba.

Abba, ɗalibin Turanci a UMYU

Akwai kuma irin su "Having finished his work, he went home." A jami'a ana kiran "Having finished his work" non-finite clause, ita ma dogarau ce ke nan.

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura

Abba don Allah tsaya nan. Abin da ka faɗa haka yake a nahawun jami'a, amma littattafan sakandare da muke koyarwa da su participial phrase suke kiran shi, kuma yarinyar nan jarrabawar sakandare za ta zauna. Kada mu ɗora mata kayan da ba na tafiyarta ba. Hafsat, having da to go da running su kaɗai ba sa nuna lokaci, kada ki zagaye su a farautarki.

Abba, ɗalibin Turanci a UMYU

Na ji Malam, a yi haƙuri. To bari in biya da wanda zai amfane ta. Akwai that guda biyu masu kama da tagwaye. "The news that he brought pleased us" da "The news that he had passed pleased us." Ki gwada sa which a wurin that. A ta farko ya zauna, "the news which he brought", to adjectival ce. A ta biyu, in dai ana nufin labarin cin jarrabawarshi, bai zauna ba, don gangar ita ce labarin kanshi, noun clause ce in apposition to news. Da Hausa ma a fili yake: "labarin da ya kawo" da "labarin cewa ya ci". Ɗaya da, ɗaya cewa.

Nura Mai Shago

To ga Abba ma ya koma Hausa. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa a yawaita magana da Turanci a aji. Amma wannan na "da" da "cewa" ban taɓa lura da shi ba, kuma na ga amfaninshi. Zan nuna wa ƙanena yau.

Hafsat, Sabuwar Unguwa

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Na ɗauko fensir na gwada wata yanzu. "The principal announced that the students who came late would be punished; however, he forgave them because it had rained." Na zagaye announced, came, would be punished, forgave, had rained. Biyar. "The principal announced" ita ce babbar ganga. "that the students would be punished" noun clause, object of the verb announced. "who came late" adjectival clause, qualifies the noun students. "because it had rained" adverbial clause of reason, modifies the verb forgave. "however, he forgave them" kuma na ce dogarau ce, adverbial clause of concession, tunda however kamar although take.

Malama Binta, Daura

Masha Allah ƙanwata, huɗu daidai, har kin ciro who came late daga tsakiyar wata dogarau ɗin, wanda ya fi na jiya wuya. Ta ƙarshen ce kika zame. However a nan ba ta rataye ganga. Saurare ta: "However, he forgave them." "Duk da haka, ya yafe masu." Akwai mai cewa sai aka yi yaya? Yanzu saurari "Although he forgave them", "ko da yake ya yafe masu". Kin ji bambancin? Ga wani gwajin: however tana yawo, za ki iya cewa "He forgave them, however" ko "He, however, forgave them." Although ba ta motsawa daga bakin ƙofa. Haka therefore da moreover da nevertheless suke, tsayayya suke rakawa. Shi ya sa kika ga an sa aya mai waƙafi kafin however a jimlarki, waƙafi kaɗai ba zai riƙe tsayayya biyu ba.

Baba Hedimasta

Ɗiyata, samo littafi sabo ki tsaga shafi gida uku da rula. Kullum ki ciro jimla biyar daga labaran tsofaffin tambayoyi, dogaye, ba na allo ba. Ki ɗauki hoton shafin ki turo nan bayan la'asar, ni ko ɗaya daga cikin malaman nan zai duba. Ki fara gobe, ki sa however a cikin guda daga cikinsu.

Hafsat, Sabuwar Unguwa

To Baba, in sha Allahu gobe bayan la'asar.